Katsewar Sabis: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Wata sabuwar tuhuma ta shigo aikin koyarwa a 'yan shekarun nan. Ba ta cikin littafin ƙa'idojin aiki, ba a kuma rubuta ta a takardar gargaɗi, amma tana zubar wa malami da ƙima fiye da makara ko fashin aji. Tuhumar ita ce a ce, "Ai Malam bai iya kwamfuta ba." Ana faɗin ta a ofis idan sunayen ɗaliban wata makaranta ba su iso kan lokaci ba. Ana faɗin ta a zauren bita idan wata Malama ta ɓace daga darasin da ake yi ta intanet, ta dawo, ta sake ɓacewa. Har a gida ana faɗin ta cikin raha, idan yara suka ga mahaifinsu ya tasa kwamfuta gaba yana tsaki. Sau da yawa kuwa abin da ya faru bai wuce wannan ba: kwamfutar tafi-da-gidanka ta kama sabis, ta yi aiki na minti goma, ta saki, ta sake kamawa, ta sake saki daidai lokacin da aka danna a aika.

Da wasa ake yi da kwamfutar, da sai mu yi dariya mu wuce. To amma abin ya taɓa abincinmu da makomar yaran da aka ba mu amana. Jarrabawar ƙwarewa ta Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, a kwamfuta ake rubuta ta. JAMB ta yi sallama da takarda da fensir tun 2015. WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta a 2024 da masu zana ta a ƙashin kansu, kuma a 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya shelanta cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta baki ɗaya daga 2026. Wa'adi na iya matsawa, amma alƙibla ta riga ta bayyana. Rajistar ɗalibai, shigar da maki, neman gurbin ƙaro karatu, bitar da masu ba da tallafi ke shiryawa, kusan duk sun koma intanet. Dokar ta-ɓaci da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana a fannin ilimi a Nuwamban 2023 ma ba za ta kai ga gaci ba sai da alƙaluma, alƙaluman kuma daga hannun malami suke fitowa.

Matsayinmu a kan wannan al'amari shi ne, ya wajaba kowane ɗan ƙungiya ya iya gano inda katsewar take, ko da bai iya gyara ta ba. Wanda ya san inda cuta take ba ya kai kuɗinsa inda babu magani, ba a kuma ɗora masa laifin da ba nasa ba ya yi shiru. Mun ga 'yan'uwa da suka kai lafiyayyar kwamfuta wurin mai gyara har sau uku, aka goge musu duk abin da ke ciki da sunan wanke ta, takardun darasi na shekaru suka salwanta, suka dawo gida sabis na nan yana ɗaukewa kamar da. Mun ga waɗanda suka sayar da tasu da araha suka ci bashi suka sayi wata. Jakin yana can yana kiwo, taikin ake ta duka.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, abin da muke kira sabis da kalma ɗaya, hanya ce mai gaɓoɓi. Kamar ruwan famfo ne: in an murɗa kan famfo ba a ga ruwa ba, ko dai kan ne ya toshe, ko bututun cikin gida ya fashe, ko babban bututun titi, ko kuma gidan ruwa ne bai sako ba. Mafi yawanmu a Gusau da Tsafe da Bungudu ba mu da intanet na waya mai shiga gida. Wayar salula muke kunna wa hotsfot, ko ƙaramar rauta mai ɗaukar layi, sai kwamfuta ta kama ta hanyar waifai. Ke nan akwai kwamfutar kanta, akwai 'yar tazarar da ke tsakaninta da wayar, akwai tazarar da ke tsakanin wayar da ƙarfen sabis na unguwa, sannan akwai duk abin da ke bayan ƙarfen, har zuwa bakin teku a Legas. Ko'ina a cikin waɗannan aka sami tangarɗa, abu ɗaya malami zai gani a allonsa: shafi ya ƙi buɗewa.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Da zarar kwamfuta ta saki, kada a taɓa ta. A ɗauki wayar da ke ba ta sabis, a buɗe wani shafi a kan wayar ita kanta. Idan ya buɗe, to ruwa na zuwa gidan, matsalar tana tsakanin wayar da kwamfuta. Idan shi ma ya ƙi, a ƙyale kwamfutar ta huta, ba ta da laifi. Gwaji na biyu shi ne a haɗa wayar da kwamfuta da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, a kunna raba intanet ta USB a cikin saitin wayar. Wannan ya cire waifai daga lissafi ke nan gaba ɗaya. In katsewar ta tsaya, an gano bakin zaren, kuma an sami mafita a lokaci guda, domin igiyar tana ba wayar caji tana kuma ɗauko intanet. Duk wanda zai shigar da maki ko cike takarda mai wa'adi, shawararmu ita ce ya yi aiki da igiya tun farko.

A kan wayar ya kamata mu ɗan daɗe, domin a nan yawancin ɓarnar take, kuma nan ne ba a cika dubawa ba. Wayar malami ba ta hutawa. Hedimasta zai kira, uwargida za ta kira, mai bin bashi ma zai kira. Idan wayar ko layin ba su da tsarin da ke ɗaukar murya a kan 4G, wanda ake kira VoLTE, to da zarar kira ya shigo sai wayar ta sauka zuwa 3G ko 2G don ta amsa, a 2G kuwa data takan tsaya cak har a gama magana. Kusan dukkanmu kuma layi biyu muke sawa a waya ɗaya, saboda in wannan ya ƙi wancan ya yi. A yawancin irin waɗannan wayoyi, kiran da ya shigo ta layi na biyu yakan dakatar da datar layi na farko. Sai ka ga malami yana tsakiyar aika sunayen yara tamanin, ɗan'uwa ya kira don a gaisa, aka yi "Lafiya lau, ya gida, ya iyali," kafin a yi sallama aiki ya rushe, kuma babu wanda ya danganta wannan da wancan. Maganin kuwa mai sauƙi ne. Wayar da za ta ba kwamfuta sabis a lokacin aiki mai muhimmanci, a kashe layinta na biyu, a sanar da mutanen gida su nemi mutum ta wata wayar. A nan muke roƙon iyalanmu da ke karanta wannan mujalla: idan Baba ko Mama na kan aikin makaranta, a daure a cire sauran wayoyin gida daga hotsfot ɗin. Yaro ɗaya mai kallon bidiyo a ɗaki ya isa ya shaƙe hanyar.

Sai zafi. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce wayoyinsa an ƙera su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da wannan ba. A watan Afrilu kuwa zafin Gusau yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ofishin malamai mai rufin kwano babu silin. Wayar da ke caji, tana raba sabis, tana kuma fafutukar kamo ƙarfen da ke nesa, aiki uku take yi masu haifar da zafi. In ta yi zafi sai ta kare kanta: ta rage ƙarfi, wani lokaci ta kashe hotsfot ɗin ba tare da sallama ba. A cire mata riga, a ɗauke ta daga kan katifa ko kujerar soso, a aje ta a kan siminti ko tebur kusa da taga inda iska ke ratsawa, ba inda rana ke duka ba. A duba kuma saitin tattalin batir, da wanda ke kashe hotsfot da kansa idan ya ga kamar babu mai amfani da shi.

Idan gwaji ya nuna kwamfutar ce, nan ma ba a fara da mai gyara. A kwamfutoci da yawa masu aiki da Windows, an ba na'urar izinin kashe katin waifai don ta adana batir, kuma takan yi hakan a lokacin da bai dace ba. Akwai wurin da Windows ke kira Device Manager, inda aka jera sassan na'urar. A nemi katin waifai a cikin jerin, a buɗe shafinsa na sarrafa wuta, a cire wannan izini. Alamar wannan cuta ita ce katsewar takan ƙaru idan aka zare caja ko aka ɗauke wuta. Bayan haka sai manhajar da ke tuƙa katin, wadda masu gyara ke kira direba. In katsewar ta fara ne bayan kwamfuta ta sabunta kanta, to a mayar da tsohon direban. In kuma an shekara ba a sabunta shi ba, a sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ba daga duk inda aka ci karo da shi ba. Wani lokacin ma ba katsewa ba ce, Windows ce ke sauke manyan sabunte-sabuntenta a ɓoye, ta cinye hanyar ta kuma cinye datar. Ana iya gaya mata a cikin saitin waifai cewa wannan layi na awo ne, sai ta kama kanta.

Galibin kwamfutocinmu na gwanjo ne, sun yi rayuwarsu ta farko a wani ofis a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, eriyar waifai ba a gindin kwamfuta take ba, tana jikin murfin da ke ɗauke da allo, kuma wasu siraran wayoyi ne suka ratsa ta cikin maƙallin murfin suka haɗa ta da katin. Buɗewa da rufewa na shekaru kan cinye su, ko mai gyara ya buɗe don kakkaɓe ƙurar hunturu ya manta bai mayar da su daram ba. In sabis na raguwa ko yana ɗaukewa duk sanda aka motsa murfin, ko kuma kwamfutar ba ta kamawa sai an manna mata wayar a jiki, to ga inda za a nuna wa mai gyara da yatsa. In katin ne ya gaji, akwai ɗan ƙaramin na waje da ake sokawa a ramin USB, kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar kwamfuta ba. Ga malaman kwamfuta da ke cikinmu kuma, akwai umarnin netsh wlan show wlanreport, wanda in aka rubuta shi da izinin mai kula da na'ura, zai fito da rahoton kwana uku na duk lokacin da waifai ya haɗu da lokacin da ya rabu, da dalilin da na'urar ta rubuta.

Ɗakin da ake zaune ma yana da nasa hannu. Bangon bulo da ƙofar ƙarfe da kabad ɗin ƙarfe na ofis duk suna tare siginar. Waifai na tafiya a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na 5. Na farkon ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma na'urorin Bluetooth ma a nan suke bi. Duk wanda ya taɓa halartar bita ya ga abin da ke faruwa idan malamai arba'in suka kunna hotsfot arba'in a zaure ɗaya: aji ne da kowa ke magana, babu mai jin kowa. Sai mai gabatar da bita ya juyo ya ce malamai sun kasa bin darasi. In wayar da kwamfutar duk suna iya hawa zangon 5, a koma can a matso da su kusa da juna. Inda kuma rauta ce mai aiki da wutar bango, duk sanda aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, sai ta mutu ta farfaɗo, ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo hayyacinta.

Iyakar abin da ke hannunmu ke nan. Daga bakin ƙofar makaranta zuwa gaba, ba mu da iko da komai, kuma a nan ne muke ganin ana yi wa malamai rashin adalci.

Ƙarfen sabis na'ura ce mai cin wuta dare da rana, kuma a ƙasar nan mafi yawansu da man dizal da batir suke rayuwa. Dole wani ya tuƙa mota ya kai man, dole injiniya ya je in abu ya lalace. Duk wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Tsafe da na Bungudu a shekarun nan ya san abin da hakan ke nufi, ba sai mun fayyace ba. Ƙarfe ɗaya kuma yana da iyakar mutanen da zai ɗauka a lokaci guda. Garuruwan da suka karɓi 'yan gudun hijira jama'arsu ta ƙaru, shi ya sa layin da ke gudu bayan sallar Asuba yake rarrafe bayan Isha'i. Ga yanayin ƙasa: duwatsun Kwatarkwashi da na kewayen Tsafe ba sa matsawa don siginar ta wuce, makarantar da ke bayan dutse tana iya ganin sanda ɗaya alhali ta gaba da shi na da huɗu. Ƙarafan kuma galibi suna haɗe da sauran duniya ne ta igiyar faiba da aka binne a gefen titi, wadda aikin hanya da tonon magudana da masu ɓarna ke tsinkewa. Yawan hakan na cikin dalilan da suka sa a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Wani lokacin ma tsinkewar ba a ƙasar nan take ba. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan igiyoyin intanet da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwadebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har bankunan Nijeriya suka ji a jikinsu. Malamin da ya zauna a Nahuche ko Yandoto a ranar yana kashe kwamfuta yana kunnawa, me zai gyara?

Mu a Zamfara mun ga abin da ya fi wannan. Ranar 1 ga Satumba 2021 aka sace ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a Ƙaramar Hukumar Maradun, aka rufe makarantu. Ranar 3 ga wata, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, bisa buƙatar gwamnatin jiha ta wancan lokaci ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ta umarci kamfanoni su kashe ƙarafansu a faɗin jihar. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta ga sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran sassan jiha kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Mutane sun riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su yi waya ko su aika saƙo, kafin ita ma a haɗa da ita cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse a Jihar Katsina. Ba mu zo nan don yanke hukunci a kan wancan mataki ba, an ɗauke shi ne a cikin wani hali da kowa ya sani. Abin da muke cewa shi ne, jihar da ta taɓa yin kusan wata uku mafi yawanta babu sabis, ba ta da hujjar gina wani tsarin aiki da ke ɗauka cewa sabis kullum yana nan. Duk wanda ya zana shafin karɓar bayanai a Abuja ko Legas, wanda in layi ya tsinke na daƙiƙa goma sai a koma farko a sake rubuta sunayen yara tun daga na ɗaya, bai zana shi don Zamfara ba.

Manyan hukumomi ma na'ura takan ba su kunya. A jarrabawar JAMB ta 2025, tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa kuskuren daga ɓangarensu yake, aka sake wa yaran jarrabawa. Mun yaba da hakan. Amma in hukumar da ke da injiniyoyi da kasafin kuɗi ta cancanci a ba ta dama ta biyu, me zai hana malamin firamare da ke aiki da wayarsa da datar da ya saya daga albashinsa? Datar ma ba ta tsaya inda take ba: a Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Duk aikawar da ta tsinke a tsakiya, kuɗi ne ya fita daga cefanen gida.

Za a ce mana, kuma an sha faɗa, cewa "ba sabis" ta zama mafakar malalata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai a cikinmu masu barin aikin mako uku sai daren ƙarshe, sa'annan su rungumi waya suna salati, alhali kowa ya san daren ƙarshe ne shafin ke cika da jama'a har ya durƙushe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiya ba za ta tsaya wa wannan ba. Amma hanyar raba mai gaskiya da mai fakewa ba ita ce a yi wa kowa kuɗin goro ba. Hanyar ita ce shaida, kuma mu malamai babu wanda ya kai mu sanin darajar rajista.

Don haka muke kira ga kowace makaranta a rassan nan uku ta buɗe littafi ɗaya na katsewar sabis, kamar yadda ake da rajistar kiran suna. A rubuta rana da lokaci, da aikin da ake yi, da layin da ake amfani da shi, da abin da gwajin waya ya nuna, a kuma ɗauki hoton allo in ya yiwu. Littafin zai fara amfanar makarantar kanta, domin cikin mako biyu zai nuna wane layi ne ya fi riƙo a wurin, da wane lokaci ne na rana ya fi dacewa da aika abu mai nauyi. Sannan idan aka tara na makarantu ashirin ko talatin, ya zama hujjar da reshe zai iya ɗauka ya kai gaban Sakataren Ilimi da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya da Ma'aikatar Ilimi. Kukan malami ɗaya ana iya cewa uzuri ne. Littafin makarantu talatin da ya nuna cewa a rana kaza daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza babu wanda ya iya aika komai a yankin Tsafe, ba a share shi da baki. Da shi kuma za a iya tunkarar kamfanonin sadarwa da sunan ƙungiya, in ba su saurara ba a kai ƙara ga NCC, wadda ke da lambar karɓar koken jama'a kyauta, 622.

Abin da za mu nema da wannan hujja ba shi da yawa, amma ba ma so a rage ko ɗaya. Duk wani aikin da za a ɗora wa malami ta intanet, ya zo da fom ɗin da za a iya cikewa ba tare da sabis ba, a aika shi daga baya, ko kuma a yarda da takarda mai sa hannun shugaban makaranta a matsayin shaidar cika wa'adi. Kada a tsayar wa kowa albashi ko ƙarin girma, kada kuma a ba shi takardar tuhuma, a kan jinkirin da littafin makarantarsa ya nuna daga sabis ne. Aikin hukuma kuma hukuma ta biya datarsa, yadda ba a taɓa ce wa malami ya sayo allo daga aljihunsa ba, ko da yake mun san waɗanda suka sha sayen alli. Sannan a samar da wuri ɗaya aƙalla a hedikwatar Tsafe da ta Bungudu, mai sola da layuka fiye da ɗaya, inda malami zai je ya gama aikinsa ya koma. Yanzu wanda sabis ya juya wa baya sai ya hau mota zuwa Gusau, ya biya kuɗin mota, ya biya mai shagon kwamfuta, ya bar ajinsa babu kowa, ya kuma bi hanyar da iyalinsa ba sa samun natsuwa sai sun ji ya sauka. Ba daidai ba ne a sa ran mutum a kan titi saboda jerin sunaye.

Akwai kuma abin da ba sai mun jira kowa ba. A cikinmu akwai malaman kwamfuta da suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, da Kwalejin Ilimi ta Maru, da Jami'ar Tarayya ta Gusau. Muna ba da shawara a ware musu rabin sa'a a kowane taron reshe, kowa ya zo da kwamfutarsa da wayarsa da igiyar caji, a yi gwaje-gwajen nan tare hannu da hannu, a fara da iyayenmu da suka kusa ritaya da 'yan'uwanmu mata da ba su cika samun zuwa bita ba. Wakilan makarantu kuma su zo taro na gaba da littafinsu, ko da shafi ɗaya ne aka cike, su miƙa wa sakataren reshe kafin a buɗe zama.